Me ya sa haɗakar jaruman Marvel ta karɓu, ta DC kuwa ta yi tuntuɓe?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, kuma ina yawan kallon finafinan jarumai masu baiwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun muna yara Superman da Batman muka sani, har a jikin jakar makaranta. Iron Man da Thor kuwa ban taɓa jin sunansu ba sai a fim. To yaya aka yi da aka haɗa su Iron Man a The Avengers duniya ta ɗauka, amma da aka haɗa Superman da Batman da Wonder Woman a Justice League sai abin ya zama kamar tuwon da bai nuna ba? Sannan abokaina suna cewa ba zan gane Endgame ba sai na kalli fim ashirin da wani abu. Da gaske ne, ko cika baki ne? Na gode."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka, kana tambayar dalilin da ya sa suna bai biya ba: ga jaruman da kowa ya sani an tara su an sha ƙasa, ga waɗanda sai masu karatun komik ne suka san su an tara su an kwashi riba. Ta biyun kuma, ko sai mutum ya yi hadda kafin ya zauna kallo. Zan fi daɗewa a kan ta farko, domin in ta warware, ta biyun ba ta da wuya.

Sana'ata rubutun labarin fim ce, kuma ina koyar da masu tasowa a wannan fanni. Komik kuwa, wato littattafan labari cikin zane, tun ina sakandare nake tsintar su a wurin masu gwanjon littattafai. Saboda haka da idon marubuci zan dubi abin. Masu faɗan Marvel (kamfanin su Iron Man) da DC (kamfanin su Superman) a Facebook sun ishe mu, ba sai na ƙara yawansu ba.

Asalin abin a kan takarda

Tun ranar farko, haɗa jarumai a labari ɗaya dabarar kasuwa ce. A ƙarshen 1940 aka fitar da All Star Comics lamba ta 3 a Amurka, inda marubuci Gardner Fox ya tara jarumai takwas, ciki har da Flash da Green Lantern da Hawkman na wancan zamani, aka kira su Justice Society of America. Yaro mai santi 10 a aljihu sai ya samu jarumai takwas da kuɗin ɗaya, in wani ya burge shi, wata mai zuwa ya nemi mujallar da wannan jarumin ke fitowa. Abin dariya, a karon farko ko faɗa ɗaya ba su yi tare ba. Zama suka yi a tebur kowa yana ba da labarin bajintarsa, kamar mafarauta a dandali. Akwai ma ƙa'ida cewa duk wanda ya shahara har ya samu mujallar kansa sai ya bar wa wani kujerar, shi ya sa Superman da Batman suka tsaya a membobin girmamawa. Wonder Woman kuwa, duk da ta fi yawancinsu ƙarfi, sakatariya aka naɗa ta. Zamani ke nan.

A 1960 DC ya farfaɗo da dabarar da sunan Justice League of America, ta kuwa yi kasuwa. Labarin da Stan Lee, marubucin komik na Marvel, ya sha bayarwa shi ne, mai gidansa Martin Goodman ya ga yadda ake sayen ta, ya ce su ma su yi tasu ƙungiyar. Haka Lee da mai zane Jack Kirby suka fitar da Fantastic Four a 1961, sannan Avengers da X-Men a 1963.

Nan ne hanya ta rabu. Jaruman Justice League na wancan lokaci mutanen kirki ne masu ladabi, in ka rufe zanen ka karanta maganarsu kaɗai, da wuya ka bambance mai magana. Na Lee da Kirby kuwa ba sa shan inuwa ɗaya. A Fantastic Four, Thing da Human Torch kullum cikin tsokana da dambe suke. A Avengers, makircin Loki, ƙanin Thor, ne ya haɗa su bisa kuskure, Hulk ya yi fushi ya fice tun a lamba ta 2, Captain America kuwa sai a lamba ta 4, cikin 1964, aka tsamo shi daga ƙanƙara. Ƙungiya ce da kullum take gab da wargajewa, mai karatu kuwa yana dawowa ne ya ga ko ta kai wata mai zuwa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Talauci ya koya wa Marvel haƙuri

A Disambar 1996 Marvel ya karye, har ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi. Kafin nan da bayan nan ya yi ta sayar da haƙƙin yin fim da jarumansa kamar mai gwanjon kayan ɗaki. X-Men da Fantastic Four suka ƙare a hannun kamfanin fim na Fox, Spider-Man ya tafi Sony a 1999, Hulk yana wurin Universal. Wato masu tsada duk an kwashe. Da Marvel ya yanke shawarar shirya fim da kansa, sai ya ci bashin dala miliyan 525 daga bankin Merrill Lynch a 2005, ya jinginar da haƙƙin wasu jarumai goma, ciki har da Captain America da Black Panther da Doctor Strange. Da finafinan sun faɗi, da haƙƙin jaruman nan ya suɓuce masa.

Ka ga abin da ka faɗa daidai ne, mutanen gari ba su san su Iron Man ba. Wannan rashin suna shi ne ya zama alheri. Tunda ba wanda zai sayi tikiti don sunan Thor, dole aka gabatar da su ɗaya bayan ɗaya: Iron Man da The Incredible Hulk a 2008, Iron Man 2 a 2010, Thor da Captain America a 2011. In ka tara tsawon waɗannan biyar, kusan awa goma ne. Ana cikin haka Disney ya saye Marvel a 2009 kan kusan dala biliyan 4, fargabar bashi ta kau, amma tsarin da Kevin Feige, shugaban sashen fim na Marvel, ya ɗora bai canza ba. Da The Avengers ya fito a 2012, ya tara sama da dala biliyan 1.5.

Batun haƙƙin nan ma shi ne amsar tambayar da yara ke yawan yi mini, wai me ya sa babu Wolverine a Avengers alhali a komik ya shiga ƙungiyar. Lauyoyi ne suka hana. Sai a 2015 Sony ya yarda aka ari Spider-Man, X-Men kuwa ba su dawo gida ba sai da Disney ya saye Fox a 2019. Akwai lokacin da jarumi ɗaya, Quicksilver, ya fito a fim ɗin Fox a 2014 ya kuma fito a na Marvel a 2015, 'yan wasa daban-daban, kuma Marvel ba shi da ikon faɗin cewa ɗan Magneto na X-Men ne.

Lissafin mintuna

Yanzu ga inda sana'ata ta shigo. A rubutun fim, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo. Fim ɗin awa biyu shafi 120 ke nan, ba ƙari. Kafin mai kallo ya damu da mutum, sai ya san waye shi, me yake so, me yake tsoro, kuma sai ya gan shi ya yi wani zaɓi da ya nuna halinsa. A gwajina, wannan yakan ci minti 15 ga kowane mutum in an yi tsimi. Jarumai shida, minti 90 sun tafi, ba a gabatar da bos ba, ba a fara rikici ba, ba a yi faɗan ƙarshe ba. Lissafin ba ya fita. Abin da Marvel ya yi shi ne biyan kuɗin gabatarwa tun kafin ranar biki, sai marubuci kuma darakta Joss Whedon ya samu minti 143 nasa kusan duka ya kashe su a kan abu ɗaya: me zai faru in aka kulle waɗannan mutane a ɗaki guda?

Na taɓa cin wannan wuya da kaina. Na rubuta labarin 'yan'uwa biyar da ke rikicin gado, kowa da abin da yake so daga gidan mahaifinsu. Ana saura kwana kaɗan a fita lokeshin, furodusa ya ce sai an ƙara wani jarumi mai tashe, don fuskarsa ta hau fasta. Na ƙirƙiro masa matsayin ɗan baffansu. Da aka zo tace hoto sai muka ga duk fitowar da yake ciki, tsaye yake a baya yana gyaɗa kai, saboda ba shi da abin da yake so wanda wani ke hana shi. Tun daga ranar na ɗauki wata al'ada da nake koya wa ɗalibaina: in rubuta sunan kowane mutum a kati, in jera a tabarma, in ɗauke ɗaya in sake ba da labarin da baki. In labarin ya tafi lafiya ba tare da shi ba, to ɗan rakiya ne, ko waye shi.

Gwada wannan a kan The Avengers. Tony Stark, wato Iron Man, bai yarda da hukuma ba kuma ba ya karɓar umarni. Steve Rogers, wato Captain America, soja ne na yaƙin duniya na biyu da ya farka bayan kusan shekara 70, ya saba bin umarni, sai ya gano masu ba da umarnin suna ɓoye masa wani abu. Thor so yake ya mayar da ƙaninsa Loki gida a hukunta shi can, domin duk tsiya ɗan'uwansa ne. Bruce Banner, mai rikiɗa ya zama Hulk, so yake a ƙyale shi a Kolkata yana duba marasa lafiya. Natasha, wato Black Widow, tana son ceto Clint, wato Hawkeye, saboda bashin rai da ke tsakaninsu. Nick Fury kuma, shugaban hukumar da ta tara su, yana ƙera makamai a asirce. Buƙatu shida, kuma kowace tana taka ƙafar wata. Shi ya sa a wurina zuciyar fim ɗin ita ce fitowar nan ta ɗakin bincike a cikin jirgi, inda ba a harba ko harsashi ɗaya ba, kowa yana yaɓa wa kowa magana. A nan Steve ya gaya wa Tony cewa shi ba mutumin da zai sadaukar da kansa don wani ba ne. Da Tony ya rungumi makamin nukiliya ya shige da shi ƙofar sama a ƙarshe, amsar wannan gorin yake bayarwa. Faɗan birnin Niyok ya yi daɗi ne saboda cacar bakin da ta gabace shi.

Ka lura kuma da bos ɗin. Loki ba baƙo ba ne, mun san shi tun a Thor, mun san ciwon da ke ransa na ɗan riƙo da yake ganin an fifita wansa. Ba a kashe minti ko ɗaya wajen gabatar da shi ba. Sannan a faɗan ƙarshe Captain America ya raba aiki: Hawkeye a saman bene yana leƙen abokan gaba, Iron Man yana tsare iyaka, Thor yana toshe ƙofar da tsawa, shi da Natasha a ƙasa, Hulk kuwa an sake shi ya yi ɓarna. Irin tatsuniyar nan ce ta samari masu baiwa, mai gani daga nesa da mai gudu da mai harbi, wadda in aka cire ɗaya ba a ceto yarinyar, a ƙarshe a tambaye ka wa ya fi wani.

Ba wai fim ɗin ba shi da ɗinki a bayyane ba. Hawkeye bai samu fim ɗin kansa ba kafin nan, sai aka sa Loki ya juyar masa da hankali, ya shafe fiye da rabin fim yana yawo kamar wanda aka yi wa kurciya. Dabarar marubuci ce ta tsimin mintuna, kuma duk mai sana'ar zai gane ta.

Abin da ya sami Justice League

Warner, mai DC, ya ga dala biliyan 1.5 ya ce shi ma a dama da shi, sauri kuwa ya haifi nawa. Man of Steel ya fito a 2013, Batman v Superman a 2016, Wonder Woman a Yunin 2017, Justice League a Nuwamban wannan shekarar. Cikin jarumai shida, uku ba su da fim ɗin kansu: Flash da Aquaman da Cyborg. Gabatarwar da aka yi musu a Batman v Superman ita ce, Wonder Woman ta buɗe kwamfuta ta kalli gajerun bidiyo nasu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba tirela.

Kuskuren, a ganina, shi ne an ɗauka sanin tambari sanin mutum ne. Jemagen da ke jikin jakarka ta makaranta ka san shi, amma Batman na Ben Affleck sabon mutum ne. Wanda jama'a suka shaƙu da shi shi ne na Christian Bale, a finafinai uku na Christopher Nolan daga 2005 zuwa 2012, kuma wancan labarin an rufe shi. Superman na Henry Cavill kuwa an kashe shi a ƙarshen fim ɗinsa na biyu, sannan Justice League ya buɗe da cewa duniya tana makokinsa ta rasa fata, alhali finafinan biyu da suka gabata sun nuna mana duniyar tana zarginsa ne tana tsoronsa. An nemi mu yi kukan mutuwar wanda ba a ba mu lokacin sabawa da shi ba.

Sai kuma ƙaddarar da ta faɗa wa aikin. A Mayun 2017 darakta Zack Snyder ya janye bayan rasuwar 'yarsa. Aka kira Joss Whedon, wanda ya yi The Avengers, ya sake rubuta wasu sassa ya sake ɗauka, kamfani kuma ya ce kada fim ya wuce awa biyu. Snyder mai son duhu da nauyi ne, Whedon mai son barkwanci, sai aka samu miya ɗaya da hannu biyu, kana kallo kana gane inda wannan ya tsaya wancan ya ɗora. Har da batun gashin baki: lokacin sake ɗaukar, Cavill yana aikin Mission: Impossible, kwantiraginsa ya hana shi aski, sai aka goge gashin da kwamfuta, bakin Superman ya fito wani iri tun a fitowar farko.

Amma ko da ba a samu wannan hargitsi ba, akwai ramuka biyu a rubutun. Bos ɗin, Steppenwolf, ba shi da wata alaƙa da ko ɗaya daga cikin jaruman, ya zo neman akwatuna uku ne kawai. Na biyu kuma shi ne Superman kansa. Jarumai biyar suna ta fama, yana isowa ya yi wa bos ɗin dukan kawo wuƙa, har ya samu sararin zuwa kwashe mutanen gari ya dawo. Ɗauki katunana ka gwada: cire Aquaman daga faɗan ƙarshe, me ya canza? Wannan tsohuwar matsala ce ga duk mai rubuta Justice League, ko a komik kullum sai an nemi dalilin ɗaure Superman ko aika shi wani wuri. Marvel ma yana da irinta, shi ya sa a tsakiyar The Avengers aka jefo Thor da Hulk daga jirgi, don masu ƙaramin ƙarfi su samu abin yi.

Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 657. Wonder Woman ita kaɗai ta wuce miliyan 800 watanni biyar kafin nan, Aquaman shi kaɗai ya haura biliyan 1 a fim ɗinsa na ƙarshen 2018. Wato ɗaiɗaikunsu sun fi taronsu kasuwa.

A Maris ɗin 2021 aka saki nau'in Snyder, mai awa huɗu. Ni ba na cikin masu cewa ya zama gagara-gasa, akwai jan ƙafa da yawa a ciki. Amma ya fi na sinima nesa ba kusa ba, kuma dalilin shi ne lissafin da muka yi. Cyborg, wanda a na 2017 kusan na'ura ce mai buɗe ƙofa, a nan yana da uwa da ta rasu a haɗarin mota, da uba da yake jin haushinsa saboda ya ceci ransa ta hanyar mayar da shi rabin inji. Flash ma ya samu aikin da ba wanda zai iya sai shi. Bashin da ba a biya a finafinan baya ba ne aka biya a zama ɗaya, kuma ba gidan sinimar da zai so fim ɗin awa huɗu, tunda sau nawa zai nuna shi a rana?

In jarumai suka wuce ashirin fa?

Infinity War na 2018 ya fuskanci lissafin da ya fi wannan muni, kuma yadda marubutansa Christopher Markus da Stephen McFeely suka warware shi abin koyi ne. Sun mayar da bos ɗin, Thanos, shi ne mai labarin: shi ke da buri, shi ke tafiyar neman duwatsu shida, shi ke yin sadaukarwa mai ciwo. Jaruman kuma aka yanka su ƙananan rukunai na mutum uku zuwa huɗu, aka haɗa waɗanda za su yi karo. Tony Stark da Doctor Strange, masu girman kai biyu a jirgi ɗaya da yaro Spider-Man a tsakaninsu. Thor mai makoki da Rocket mai baƙar magana. Ba a taɓa tara kowa a ɗaki ɗaya ba.

A nan za ka ga cewa ɗauko labari daga komik tsince ne ake yi. A littafin Jim Starlin na 1991, Thanos yana son hallaka rabin halittu ne don ya burge Mutuwa, wadda aka zana a siffar mace yake kuma son ta. Fim ya canza dalilin zuwa yawan jama'a da ƙarancin abinci. Civil War na komik, na 2006 zuwa 2007, rikici ne kan tilasta wa jarumai yin rajista da sunayensu na gaskiya. A fim wannan ba zai yi aiki ba, tunda Tony ya tona kansa tun a ƙarshen Iron Man na farko, sai aka mayar da shi rikicin ko Majalisar Ɗinkin Duniya ce za ta riƙa ba su izini. Wani lokacin ma takarda ce ke bin fuskar ɗan wasa: a The Ultimates na 2002 aka zana Nick Fury da kamannin Samuel L. Jackson, shekara shida kafin ya hau matsayin. A matsayina na marubuci ba zan wuce nan ba sai na ce, Jack Kirby da ya zana yawancin waɗannan jarumai ya rasu a 1994 bai ga wannan arziki ba, magadansa sai a 2014 suka sasanta da Marvel bayan shari'a.

Inda bayanina ke da gyara

Kada ka ɗauka ƙa'idar ita ce sai an yi fim biyar kafin a haɗa. Guardians of the Galaxy na James Gunn, a 2014, ya kawo mutum biyar da kusan ba wanda ya sani, ciki har da bishiya mai tafiya da wata 'yar dabba mai bakin tsiya, ba fim ɗin ko ɗayansu a gabansa, ya kuma karɓu ƙwarai. X-Men na 2000 ma haka. Abin da suka yi shi ne shigar da mai kallo ta ƙofa ɗaya, Peter Quill a can, Wolverine da Rogue a nan, sauran mu san su ta idon wanda muka biyo. Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun san wannan tun tuni. Amar Akbar Anthony na 1977 ya ba kowane ɗan'uwa rayuwarsa da masoyiyarsa da waƙarsa kafin ya haɗa su. Ihun da aka yi kuma da Salman Khan ya faɗo cikin Pathaan a 2023, ihun sanayya ne, an san Tiger, matsayin da ya fito a ciki, tun 2012. Eternals na 2021 ya zuba sababbin jarumai goma a lokaci ɗaya ba tare da ƙofar kirki ba, na fito ban riƙe sunan rabinsu ba.

Sannan kyawun rubutu da yawan kuɗi ba kullum suke tafiya tare ba. Suicide Squad na 2016 masu sharhi sun yi masa kaca-kaca, amma ya fi Justice League kawo kuɗi. Thunderbolts na 2025 rubutunsa ya fi na finafinan Marvel da yawa, kasuwarsa kuwa ba ta taka kara ta karya ba. The Marvels na 2023 ya tsaya a kusan dala miliyan 206, mafi ƙaranci a jerin, kuma dalilai sun taru masa: biyu daga jarumansa uku a shirye-shiryen Disney+ aka gina su, waɗanda ba kowa ya kalla ba, ga yajin aikin 'yan wasa da ya hana su tallata shi. Dabarar biyan kuɗin gabatarwa tun da wuri, in ta yi yawa, sai ta koma aikin gida da ake ɗora wa mai kallo. Ni finafinan da nake rubutawa kuɗinsu bai kai na abincin ma'aikatan waɗannan ba, don haka abin da na tsaya a kai shi ne abin da ke kan shafi. Ranar fitarwa da talla da gajiyar jama'a suna da nasu kason.

Sai ka kalli ashirin?

Abokanka sun faɗi rabin gaskiya. Endgame na 2019 shi ne na 22 a jerin, awa uku ne, ya tara kusan dala biliyan 2.8, kuma an gina shi ne a kan tuna baya, don haka wanda ya shiga kai tsaye zai ga mutane suna share hawaye bai san dalili ba. Amma ba duka 21 ɗin ne wajibi ba. Iron Man na farko, da Thor, da Captain America na 2011, da The Avengers, su ne harsashi. Daga nan The Winter Soldier da Guardians of the Galaxy na 2014, sai Civil War na 2016 wanda shi ne ya raba Tony da Steve, in ka tsallake shi ba za ka gane sanyin da ke tsakaninsu ba. Doctor Strange da Thor: Ragnarok da Black Panther za su kai ka ƙofar Infinity War. Age of Ultron ba ya cikin waɗanda nake so, amma a nan Wanda da Vision suka samo asali, ka daure. Ant-Man and the Wasp na 2018 kuma ka kalle shi har bayan sunaye sun fara hawa, akwai abin da Endgame ya dogara da shi a wurin. Sha uku ke nan da Infinity War. The Incredible Hulk da Iron Man 2 kana iya barinsu sai ka samu hutu.

In kuma wanda aka yi wa fassarar Hausa za ka karɓo wurin masu turawa, ka duba ko an bar ƙarshensa, domin sau da yawa ana yanke fim da zarar sunaye sun bayyana, a nan kuwa Marvel ke ɓoye mahaɗin fim na gaba. Da ka zo sake kallon The Avengers, ka ajiye agogo kusa, ka duba a minti na nawa ne su shidan suka fara tsayawa wuri ɗaya suna fuskantar abokin gaba tare. Ka rubuto mini abin da ka samu.